Hutun da ake saye da gumi: iyalai a kan duwatsun Alp

Kowace shekara, da zarar an rufe lakwal a farkon watan Yuli, hanyoyin ƙasar Faransa su kan cika maƙil da motocin masu tafiya kwanje. Da yawansu bakin teku suke nufa, inda za su kwanta cikin rairayi su sha iska. Amma akwai wani kaso mai yawa da ke karkata kudu maso gabas, zuwa duwatsun Alp. Ana gane motocinsu tun daga nesa, domin kekuna uku ko huɗu ne ɗaure a bayansu, a ciki kuwa ga takalma masu kauri, ga jakunkunan goyo, ga sanduna. Miji da mata da ƴaƴansu ne za su je su yi mako ɗaya ko biyu suna hawan tudu da ƙafa, suna tuƙa keke, suna kwana ɗaki ɗaya da mutanen da ba su taɓa gani ba, kuma da kuɗinsu.

Ga wanda ya saba tafiyar ƙasa don dole, zuwa gona ko kasuwa ko rijiya, abin zai zo da mamaki. Yaya za a kira gajiya hutu? Amsar tana cikin irin zaman da mutanen birane suke yi sauran watannin shekara. Uba ya wuni kan kujera a biro, uwa haka, yara sun wuni kan benci, in an dawo gida kowa ya duƙufa kan wayarsa. Jiki ya yi tsami, iyali kuma ba su samu zama tare ba. A kan dutse kuwa tilas a tafi tare, a gaji tare, a jira wanda ya yi baya. Wannan al'ada tana da tarihi: doka ce ta ba da lokacinta, makiyaya suka shata hanyoyinta, ƙa'idodi masu tsauri ke tsare rayukan masu yin ta. Yau kuma ɗumamar yanayi ta fara sauya dutsen kansa.

Ƙasar tsaunuka

Duwatsun Alp jerin tsaunuka ne mai lanƙwasa kamar lauje. Ya taso daga bakin Bahar Rum kusa da birnin Nis, ya miƙa har kusa da Biyana, babban birnin Ostiriya. Tsawonsa ya kai wajen kilomita 1,200, watau ya zarce nisan Yamai zuwa Damagaram. Ƙasashe 8 suka raba shi: Faransa, Monako, Italiya, Suwis, Lishtanstan, Jamus, Ostiriya da Silobeniya.

Tsaunin da ya fi duka tsawo shi ne Mont Blanc, ma'anarsa Farin Dutse, a kan iyakar Faransa da Italiya. Awon da aka yi a 2023 ya ba shi kusan mita 4,806. Idan aka gwada shi da ƙololuwar duwatsun Bagzan, wadda ta fi ko'ina tsawo a Nijar da mita 2,022, ya ninka ta biyu har da ɗori. Duk hawan mita 1,000 zafi ya kan ragu da digiri 6 ko ɗan fiye da haka. Saboda haka mutum na iya barin kwari da ƴar riga mai gajeren hannu, kafin azahar ya sami kansa yana rawar ɗari. Dusar ƙanƙara ta kan rufe hanyoyin sama fiye da rabin shekara. Lokacin masu tafiyar ƙasa gajere ne, daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba.

Daga ƙasar ci-rani zuwa ƙasar baƙi

A dā ba mai zuwa waɗannan duwatsu don sha'awa. Yankin Sabuwa, wanda Faransawa ke rubutawa Savoie, ƙasar talauci ce: gonaki ƙanana a kan gangare, hunturu mai tsawo, bakuna da yawa. Idan kaka ta wuce, maza da yara ƙanana su kan gangara zuwa Liyon da Pari su yi sharar bututun hayaƙi, ko koli, ko dako, sai bazara su dawo da ɗan abin da suka tara. Ci-rani ne sak, sai dai su sanyi ne ke korar su daga gida. Ƙololuwar duwatsun kuwa tsoronta ake yi, har ana ɗaukar ta wuri la'ananne.

Baƙi ne suka fara sauya wannan tunani. A 1741 wasu Ingilishi biyu, William Windham da Richard Pococke, suka ziyarci kwarin Shamoni, watau Chamonix, labarin abin da suka gani ya bazu cikin Turai. A 1760 wani masani mutumin Janiba, Horace-Bénédict de Saussure, ya yi alkawarin lada ga duk wanda ya gano hanyar hawa Farin Dutse. Sai da aka yi shekara 26 kafin a ci wannan lada. Ran 8 ga Agusta 1786 mutum biyu ƴan asalin kwarin suka kai ƙoli: Jacques Balmat, maharbi mai neman duwatsu masu ƙyalli, da likita Michel-Gabriel Paccard. A 1808 wata ƴar aiki mai suna Marie Paradis ta zama mace ta farko da ta taka wurin.

Da baƙi suka yawaita, jagoranci ya zama sana'a. Bayan wani haɗari da ya ci jagorori uku a 1820, aka kafa ƙungiyar jagororin Shamoni a 1821, da tsarin karɓar baƙi bi da bi, da asusun taimakon iyalan wanda ya rasu a bakin aiki. Ƙungiyar tana nan har yau. Sabuwa ta shiga cikin Faransa a 1860. A 1874 aka kafa ƙungiyar masu hawan dutse ta Faransa, wadda ta yi ta gina masaukai a sama. Jirgin ƙasa ya iso Shamoni a 1901, garin kuma ya karɓi wasannin Olampik na hunturu na farko a 1924. Duk da haka, har zuwa wannan lokaci yawon dutse abin masu hannu da shuni ne.

Dokar 1936

Abin da ya buɗe wa ma'aikaci ƙofa shi ne dokar watan Yuni 1936. Gwamnatin Léon Blum ta ba kowane ma'aikaci kwanje na mako 2 a shekara, albashinsa kuma yana tafiya. Léo Lagrange, wanda aka ɗora wa sha'anin wasanni da hutu, ya sami rangwamen kashi 40 cikin 100 na kuɗin jirgin ƙasa ga masu tafiya hutu. Waɗanda ba su da kuɗin jirgi suka hau keke, har keke mai sirdi biyu, na miji da mata, ya zama alamar wannan shekara. An ƙara kwanjen zuwa mako 3 a 1956, mako 4 a 1969, mako 5 a 1982.

Samun lokaci bai isa ba, sai da hanya. A 1947 aka kafa wani kwamiti na shata dogayen hanyoyin ƙafa a duk faɗin ƙasar. Alamar da suka zaɓa mai sauƙi ce, ko wanda bai yi karatu ba zai gane ta: zane fari a sama, ja a ƙasa, a jikin dutse ko icce. Idan zanen biyu suka giciye, ma'anarsa nan ba hanya ba ce. Gajerun hanyoyi na wuni ɗaya kuwa launin rawaya ake sa musu. Ƴan sa kai ne ke bin hanyoyin da gwangwanin fenti suna sabunta alamun, ba a biyan su.

Kada a ɗauka kowa ne ke samun wannan hutu. Kimanin mutum 4 cikin 10 a Faransa ba sa zuwa ko'ina hutu cikin shekara, yawancinsu don rashin hali. Shi ya sa a 1982 aka ƙirƙiro takardun biyan kuɗin hutu, waɗanda ma'aikaci ke zuba wani kaso, mai aikinsa ya cika sauran.

Kwanakin keke

Iyalin da suka san abin da suke yi ba sa fara hutunsu da babban hawa. Su kan fara daga ƙasa, domin jiki ya saba. Wurin da ya shahara da wannan shi ne tabkin Anesi, watau Annecy, mai tsayin mita 447 bisa teku. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce ƙazantar garuruwa ta kusa ɓata ruwansa. A 1957 garuruwan da ke bakinsa suka haɗa kai, suka shimfiɗa bututun da ke kwashe ruwan datti ya kewaye tabkin. Yanzu ana ƙidaya shi cikin tabkuna mafi tsabta a Turai, yara suna wanka cikinsa.

A gefensa na yamma akwai tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa Anesi da Albertville. Da jirgi ya daina bi, sai aka cire ƙarafan, aka malala kwalta, aka ba masu keke. Tun da jirgin ƙasa ba ya son tudu, hanyar kusan shimfiɗe take, tsawonta ya fi kilomita 30, kuma mota ba ta shiga. Wanda ya so kewaye tabkin duka zai yi wajen kilomita 40. Yaro mai shekara goma zai iya, in aka ba shi wuni guda, da tsayawa shan ruwa da wanka.

Tafiyar tana da tsari. Babba ɗaya a gaba, yara a tsakiya, babba ɗaya a baya. Jarirai da ƙanana ana sa su cikin wani ɗan amalanke mai rufi da ake ɗaurawa a bayan keke. Tun watan Maris 2017 doka ta tilasta wa duk yaron da bai kai shekara 12 ba sa hular kwano, ko shi ke tuƙi ko goya shi aka yi, babban da ke tare da shi ne za a ci tara idan aka saɓa. Keke mai batir kuma ya ƙara yawan masu fita. Injinsa ba ya wuce wat 250, ba ya aiki sai ana murza feda, kuma yana yankewa in an kai gudun kilomita 25 a awa. Da shi kaka mai shekara saba'in ke iya bin jikokinta har kan tudu.

Manyan mashigan dutse kuwa wani abu ne dabam. Gasar kewaya Faransa da keke, wadda aka fara a 1903, ita ta sa sunayensu a bakin kowane yaro. Mashigin Galibier mai mita 2,642 ya shiga gasar a 1911. Hawan Alpe d'Huez, mai kwana 21 cikin kusan kilomita 14, ya shiga a 1952, Fausto Coppi ɗan Italiya ya fara cin sa. Mashigin Iseran mai mita 2,764 shi ne mafi tsawo da kwalta ta ratsa a duk Alp. Matashi mai ƙarfi ya kan roƙi ubansa su gwada ɗaya daga cikinsu, su fita da asuba kafin motoci su yawaita. Masu sanin hanya suna gargaɗi cewa gangara ta fi hawa haɗari. A hawa gumi kawai ake yi, a gangara kuwa keke na iya kai gudun mota, birki ya yi zafi, kwana ta zo ba shiri.

Kwanakin ƙafa

Bayan kwana biyu ko uku, sai a jingine kekuna a nufi Shamoni, tafiyar wajen kilomita 100 daga Anesi. Garin yana kan mita 1,035, Farin Dutse na tsaye a kansa. Abin da baƙo zai fara lura da shi shi ne allunan hanya: lokaci suke nunawa, awa kaza da minti kaza, domin a kan dutse kilomita ba ta faɗin gaskiyar wahala. Lissafin da aka saba shi ne babban mutum mai lafiya ya hau mita 300 cikin awa ɗaya. Idan da yara, ƙaramin cikinsu shi ne ma'auni, da takunsa kowa zai tafi.

Ɗaya daga hanyoyin da iyalai suka fi so ita ce ta Farin Tabki, Lac Blanc, mai tsayin mita 2,352. Ana shiga wani akwati mai tagogi wanda igiyar ƙarfe ke ja sama, ya sauke mutane a Flégère, kusan mita 1,900. Daga nan sai ƙafa, awa biyu ko fiye, cikin duwatsu da ƙananan ƙoramu. A bakin tabkin mutum zai ga jerin ƙololuwa farare ƙal a ɗaya gefen kwarin, da hotonsu cikin ruwa.

Cikin jakar goyo akwai abubuwan da ba a bari: ruwa, burodi, cuku, busassun ƴaƴan itace, rigar ruwa, rigar sanyi, hula, tabarau mai duhu, taswira da kayan ɗaure rauni. Ana ba yaro tasa jakar, amma shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada nauyinta ya wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa. Ana fita da sassafe, domin a watannin zafi hadari da tsawa sun fi tasowa bayan azahar, kuma babu wurin da ya fi tudu haɗari in ana walƙiya.

Iyalai masu manyan yara su kan ɗauki wani yanki na babbar hanyar da ta kewaye Farin Dutse. Tsawonta wajen kilomita 170, ya fi tsakanin Yamai da Doso, amma in aka tara hawan da ke cikinta ya kai mita 10,000. Ta ratsa ƙasa uku, Faransa da Italiya da Suwis, ana gama ta cikin kwana 7 zuwa 11. A mashigin Seigne, mita 2,516, yaro zai ɗaga ƙafa daga Faransa ya sauke ta cikin Italiya, ba shinge, ba ɗan duwan.

Abin da ke mantar da yara gajiya shi ne namun daji. Akwai wani irin kurege mai ƙiba da ke yin fito mai ƙarfi in ya hango mutum, wanda ke barci cikin rami wajen wata shida na sanyi. Akwai akuyar dutse mai manyan ƙahoni, wadda farauta ta kusa ƙarar da ita a ƙarni na 19, sai ƴan kaɗan suka rage a yankin Gran Paradiso na Italiya. Sarki Victor-Emmanuel na Biyu ya keɓe wurin a 1856 don farautarsa shi kaɗai, wannan ya tsirar da ita. Wurin ya zama gandun ƙasa a 1922, Faransa kuma ta buɗe nata gandun na farko, Vanoise, a maƙwabtaka da shi a 1963. A tsakiyar irin wannan gandu an hana tsinkar fure, da hura wuta, da shiga da kare.

Dare a zango

Mai tafiyar kwanaki yana kwana a masaukan dutse, waɗanda aka jera kamar zangon fatake, tafiyar wuni tsakanin ɗaya da ɗaya. Kowane zango yana da mai tsaronsa, wanda ke zama can duk watannin zafi. Tilas a kama wuri tun da wuri, wani lokaci watanni kafin tafiya. A bakin ƙofa ake tuɓe takalma. Wajen ƙarfe 7 na yamma ake ba da abinci, kowa da kowa a dogon tebur ɗaya, abinci iri ɗaya: romo mai zafi, da abin da mai zango ya dafa, da cuku. Babban darakta da leburan masana'anta cokali ɗaya suke miƙa wa juna. Ana kwana a gadaje masu hawa biyu, mutum da yawa a ɗaki guda, wajen ƙarfe 10 a kashe fitila.

Kome na zango a ƙidaye yake. A wurare da yawa jirgi mai saukar ungulu ne ke kawo kaya, ko a ɗauko su a baya. Wutar lantarki daga hasken rana take, ruwa kuwa daga narkakkiyar ƙanƙara ko ido. Wanka da ruwan zafi, inda akwai shi, na ƴan mintoci ne kuma ana biya. Shara kowa ya kan sauko da tasa. Yaron birni da ya tashi yana ganin famfo ba ya ƙafewa, a nan yake fara sanin cewa ruwa abu ne mai iyaka. Mai zango kuma shi ne ke faɗa wa baƙi halin da sama za ta kasance gobe, da inda hanya ta lalace. Mai hankali ba ya fita sai ya ji ta bakinsa.

Hanyar makiyaya ce

Yawancin waɗannan hanyoyi burtali ne tun asali. Har yanzu a watan Yuni makiyaya na kora shanu da tumaki zuwa makiyayar sama, su yi wajen kwana 100, sa'an nan su sauko. Ana jin ƙararrawar wuyan shanun tun daga nesa. Da nonon ake yin cukun da yankin ya yi suna da shi. Dunƙule ɗaya na cukun Beaufort ya kan kai kilo 40, kuma yana cin wajen lita 400 na nono. Masu yawo suna tsayawa su saya a bakin ruga, wannan ciniki yana cikin abin da ke riƙe makiyayan a kan dutse.

Amma zaman bai rasa tsamin rai ba. A 1992 aka tabbatar kyarkeci ya dawo Faransa daga Italiya ta gandun Mercantour, bayan shekaru da yawa babu shi. Doka ta kare shi, shi kuwa yana cin tumaki. Sai makiyaya suka koma riƙon wasu manyan fararen karnuka waɗanda ke girma cikin garke tun suna ƙanana, suna ɗaukar duk mai kusantowa abokin gaba. Ana samun cizo, ana samun ƙorafi daga ɓangarorin biyu. Ƙa'idar da ake koya wa yara ita ce a kewaye garke daga nesa, kada a ratsa shi. In kare ya taso, a tsaya cik, kada a gudu, kada a ɗaga sanda. Mai keke ya sauka ya tura kekensa. Ƙofar shinge da aka buɗe kuma a rufe ta. Mai yawo baƙo ne, wurin kuwa wurin aikin wani ne.

Dutse ba ya wasa

A watan Disamba 1956 wasu samari biyu, Jean Vincendon ɗan Faransa da François Henry ɗan Beljiyam, suka tasar wa Farin Dutse cikin hunturu. Guguwa ta rutsa da su. Sun yi kwanaki a kan ƙanƙara, mutanen Shamoni na hangen su da madubin hangen nesa, masu ceto kuma suna ta gardama a kan wanda ya kamata ya tafi. Jirgin da aka aika ya faɗi kusa da su. Samarin suka mutu a farkon Janairu 1957. Abin ya girgiza ƙasar. A 1958 gwamnati ta ɗauki nauyin ceto a kan dutse, aka kafa rundunar jandarma ta musamman a Shamoni. Yau duk wanda ya shiga uku yana kiran lamba 112, kuma a Faransa galibi ba a biyan kuɗin wannan ceto.

Hanyoyin iyali ba su kai na masu igiya da gatari haɗari ba, amma su ma suna cin rai. Santsi a kan jiƙaƙƙen dutse, hazo mai ɓatar da hanya, tsawa, gajiyar da ke sa ƙafa ta kauce: waɗannan su ne abubuwan da aka fi jin tsoro. Shi ya sa ake sanar da wani inda aka nufa da lokacin dawowa, ake duba labarin yanayi kowace safiya, ake sa lokacin da in ya yi za a juya, ko da ƙololuwa na gaban ido. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Uban da ya juya da ƴaƴansa don ya ga gajimare ya haɗu ya koya musu abin da ya fi isa ƙoli amfani.

Ƙanƙara tana ja da baya

Kusan kowane iyali da ya zo Shamoni sai ya hau wani ɗan jan jirgin ƙasa mai haƙora a ƙarƙashinsa, wanda tun 1909 yake kai mutane Montenvers, mita 1,913. Daga nan ake kallon Mer de Glace, watau Tekun Ƙanƙara, kogin ƙanƙara mafi girma a Faransa. Irin wannan kogi daga dusar da ke taruwa a sama shekara da shekaru yake samuwa: nauyinta ya danne ta har ta daskare, sa'an nan ta riƙa silalowa kwari a hankali. Muddin abin da ya sauka a hunturu ya kai abin da ya narke a lokacin zafi, kogin yana nan yadda yake. In narkewa ta rinjaya, sai ya janye.

Tun tsakiyar ƙarni na 19 Tekun Ƙanƙara ya janye fiye da kilomita 2, kaurinsa ma ya ragu ƙwarai. An kafa alluna a jikin dutse, kowane da shekararsa, masu nuna inda ƙanƙarar ta tsaya a lokacin. Kafin 2024 mai sauka ta tsohuwar matakala yana wuce su ɗaya bayan ɗaya. A lokacin, kowace shekara sai an ƙara matakala, har suka wuce 500. A 2024 aka buɗe sabon akwatin igiya can gaba, inda ƙanƙarar ta fi kauri.

Tun ƙarshen ƙarni na 19 zafin yankin Alp ya ƙaru da wajen digiri 2. A shekara biyu kawai, 2022 da 2023, kogunan ƙanƙara na Suwis sun rasa kashi 10 cikin 100 na girmansu. Ƙanƙarar da ke cikin tsagogin dutse ita ce ke riƙe shi kamar siminti, in ta narke sai dutse ya zube. Ran 3 ga Yuli 2022 wani ɓangare na ƙanƙarar Marmolada a Italiya ya ɓalle ya kashe mutum 11. A watan Agusta na wannan shekara aka rufe zango biyu na babbar hanyar hawa Farin Dutse na ɗan lokaci saboda zubar duwatsu. Ran 28 ga Mayu 2025 ƙanƙara da laka suka binne mafi yawan ƙauyen Blatten a Suwis. An riga an kwashe mazaunansa wajen 300 kwanaki kafin haka, amma mutum ɗaya ya rasa ransa. Matsalar ba ta tsaya a kan dutse ba, domin manyan koguna irin su Ron da Rin da Po daga Alp suke tasowa, manoma da birane masu yawa kuma da ruwansu suka dogara a lokacin zafi.

Ƙauyukan da suka dogara da wasan zamiya a hunturu, musamman na ƙasa-ƙasa inda dusa ta fara ƙaranci, sun juya ga baƙin lokacin zafi, masu ƙafa da masu keke. Mutanen birane ma suna gudun zafin gari su hau inda iska ke da sanyi. Cunkoso ya ƙaru, hukuma ta fara sa iyaka. Tun 2019 ba a hawa Farin Dutse ta babbar hanya sai da shaidar an kama wurin kwana a zango. Tun 2023 an hana wanka a Farin Tabki don kare ƙananan halittun da ke cikinsa.

Ƙasar da ƴaƴanta ke gudu saboda yunwa shekara 200 da suka wuce, yau da baƙi take ci, baƙin kuma ƙanƙara da ciyawa da sanyi suke zuwa nema. Idan kwanje ya ƙare, iyali su kan sauko da ƙafafu masu kumburi, da fatar da rana ta ƙone, da dunƙulen cuku a jaka. Yaran sun iya karanta taswira, sun san a jira na baya, sun san a bar wa makiyayi hanyarsa. Waɗanda suka sauka matakalar Tekun Ƙanƙara kuwa sun nemi allon da ya fi kusa da shekarar haihuwar iyayensu, sun ƙirga taki nawa ne daga nan zuwa inda ƙanƙarar take yau.